Shekara guda da gasar karatu ta Goodreads a Madina

A watan Janairun bara ne ni da wasu 'yan'uwa ɗalibai Hausawa da muke zaune a nan Madina muka shiga gasar karatu ta shekara-shekara da manhajar Goodreads take gudanarwa, kuma tun da shekara ta zagayo, ina ganin ya dace in faɗi abin da na gani. An buɗe Goodreads, manhajar da masu karatu suke lissafa littattafan da suka karanta, a 2007, kamfanin Amazon ya saye ta a 2013, kuma shigarta kyauta ce. Tsarin gasar ba shi da wuya: mutum zai rubuta adadin littattafan da yake son karantawa daga Janairu zuwa Disamba, duk littafin da ya kammala sai ya sa ranar kammalawa, ita kuma manhajar ta riƙa nuna masa ko ya yi gaba ko an bar shi a baya.

Ni 24 na ɗauka, wato biyu a kowane wata, kuma wannan ɗan lissafin ya yi mini amfani fiye da yadda na zata, domin lokacin da a da yake tafiya a hira tsakanin Magariba da Isha ya koma na karatu. Na ji daɗin cewa ana iya rage adadin ko a ƙara shi a tsakiyar shekara, abin da ya taimaka mini a watan Ramadan da lokacin jarrabawa, kuma littafin da aka maimaita ma yana shiga lissafi.

Inda nake da ja shi ne ma'aunin kansa, domin littattafai ake ƙirgawa, ba nauyinsu ba. Wanda ya karanta Arba'una Hadisi ta Imamu Nawawi a zama biyu ya samu ɗaya, wanda kuma ya shekara yana fama da Fathul Bari mai mujalladi 13, idan a dunƙule aka shigar da shi, shi ma ɗaya ya samu. Ga ɗalibin da ya saba karatu a gaban malami, ana biya masa shafi biyu yana komawa ya yi tilawa, wannan ma'auni yana iya jan sa zuwa ga ƙananan littattafai don kawai lamba ta cika. Littattafan Hausa kuwa ba su da yawa a ciki, musamman waɗanda ake bugawa a Kano ba tare da lambar shaidar littafi ta ISBN ba, sai an roƙi masu aikin sa-kai sun shigar da su.

Abin da ya fi burge ni shi ne damar ƙirƙirar kantar jera littattafai ta kanka a cikin manhajar, wadda da ita muka yi wasan sarƙa: ɗayanmu zai ambaci littafi, na biye da shi ya kawo wani da ya haɗu da shi ta marubuci ko gari ko zamani, har a kai shida. Sarƙa ɗaya ta taso daga Magana Jari Ce ta Abubakar Imam, ta bi ta tatsuniyoyin Larabawa, ta ƙare a tarihin Bagadaza, kuma uku daga cikin shidan ban taɓa jin sunansu ba sai a wannan daren.

Bana ma na sake shiga, amma 12 na rubuta, huɗu daga ciki manya ne.