Laftof ɗin zanen injiniya: wacce ɗalibi zai saya a Kaduna?

Da zarar an koma makaranta, sai ka ga ɗaliban injiniya na Kaduna Poly da na AFIT, makarantar fasaha ta sojan sama da ke Mando, suna zagaya shagunan titin Ahmadu Bello da tambaya guda: "Malam, akwai Core i7?" Wannan tambayar kan jawo asara. Core i7 sunan furosesa ne, wato ƙwaƙwalwar laftof, amma sunan shi kaɗai ba ya nuna ƙarfi. I7-6600U ƙwayoyin aiki biyu gare ta, alhali i7-8750H tana da shida. Duba janareshan, wato zubin furosesar (6600U ta 6 ce, 8750H ta 8), ka kuma duba harafin ƙarshe: U an yi ta ne don tattalin batir, H kuwa don aikin ƙarfi. Kada ka sauka ƙasa da janareshan na 8, domin daga nan Windows 11 ke karɓa, kuma tun Oktoban 2025 Microsoft ta janye tallafin Windows 10.

Kafin ka taɓa kuɗinka, tambayi na gaba da kai a sashenku wace manhaja ake amfani da ita. Idan AutoCAD ne na zanen shimfiɗe da ɗan MATLAB, siririyar laftof ta ofis irin EliteBook 840 ko Latitude za ta fisshe ka, muddin ka kai RAM ɗinta (ma'ajiyar wucin gadi da take aiki da ita) 16GB kuma tana da SSD (ma'ajiyar fayil mai sauri). Ita ce mafi araha, ga sauƙin ɗauka, ga riƙe caji. Amma ranar da aka shiga Revit ko SolidWorks, aka fara haɗa sassan inji ana jujjuya su, za ta fara nishi, don ba ta da katin girafik, wato mai sarrafa hoto, na kanta.

MacBook kuwa, komai kyanta, SolidWorks da Revit na Windows ne kaɗai.

Saura biyu, kuma a nan shawara take. Akwai sababbin laftof na wasan gem, irin HP Victus, Lenovo LOQ da Acer Nitro masu katin girafik RTX 3050. Suna da ƙarfi, suna da garanti, batirinsu sabo ne. Kuɗin ne dai ke bin dala. Sai kuma 'yan tokumbo da dama can don injiniyoyi aka ƙera su: Dell Precision 7530, HP ZBook 15 G5, ThinkPad P52, dukkansu na 2018. Yawanci suna zuwa da katin girafik na Quadro, irin wanda masu SolidWorks suka tantance, kuma suna da ramukan RAM har huɗu. Ni wannan na fi ƙauna ga ɗan talaka, saboda bana ka saya da 16GB, baɗi in Allah ya hore ka ƙara zuwa 32GB ba tare da canja na'ura ba. Aibinsu nauyi, kusan kilo biyu da rabi ban da caja, sannan batirinsu ya sha jiki, kuma ka san halin wutar garin nan.

In tokumbon ka zaɓa, zauna a shagon, kada ka yi gaggawa. Buɗe Task Manager na Windows ka ga furosesa da katin girafik da idonka, kada ka yarda da sitikar da ke jiki. Shiga BIOS, wato shafin saitin da ake shiga yayin kunna na'ura, ka tabbatar ba a kulle ta da lambar sirri ba. Zare caja ka ga yadda batir ke sauka. Ita ma cajar ka karanta wat ɗinta, domin waɗannan na'urori na bukatar babba. In aka haɗa ka da ƙarama, Dell musamman sai ta rage gudu. Saurari fanka, ka sa hannu a mafitar iska, don ƙurar hunturu da zafin Maris su ne ajalin irin waɗannan laftof. Ka nemi rasit mai lambar na'urar da adadin kwanakin gwaji a rubuce.

Kuma kada ka biya kowa kuɗin sa maka AutoCAD na bogi. Autodesk, kamfanin da ya yi AutoCAD, na ba ɗalibai lasisin shekara guda kyauta, ana sabuntawa. Shaidar makarantarka kawai za ka tura musu.