Na'urar auna motsin jiki don gudun ciwon gwiwa: wacce ta dace da kai?

Koci ko likitan gashin ƙashi, in kana shirin sayen irin na'urorin nan, ka fara sanin me kake so ka auna tukuna, don ba aiki ɗaya suke ba.

Babbar yayarsu ita ce irin ta Vicon ta Ingila, kyamarori zagaye da ɗaki, a manna wa mutum 'yan ƙananan ƙwallaye masu ƙyalli a ƙugu da gwiwa da idon sawu. Wajen daidaito ita ce gaba, amma fa kuɗinta na jami'a ne ko babban asibiti, ga buƙatar ɗaki na musamman da wuta tsayayya da wanda ya karanci abin.

Sai na ɗaurawa a jiki irin Xsens ta Holan, sensa 17, wato 'yan ƙananan na'urori masu jin motsi, ake ɗaura wa mutum daga kai har ƙafa, za ka iya fita da ita fili ko masana'anta ka ga yadda lebura ke sunkuyawa in zai ɗaga buhu, sai dai wurin da ƙarfe ya yi yawa yana iya rikita irin waɗannan sensa, ka tambayi mai sayarwa wannan, ka kuma tambaye shi kuɗin manhaja na shekara-shekara don nan ne dala ke cin mutum. Rigar Catapult kuwa da kake gani jikin 'yan wasan Turai yawan gudu da nauyin atisaye take ƙirgawa, ba ta nuna maka lanƙwasar gwiwa.

Ni dai shawarata ga ƙaramar akademin ƙwallo, waya. Kafa ta kan sanda daidai tsayin gwiwa, yaro ya diro daga kan benci ya sake tsalle, ka ɗauka a bidiyo mai tafiya a hankali, ka zuba a Kinovea, manhajar nazarin bidiyo, kyauta ce a kwamfuta. In gwiwa na faɗawa ciki lokacin dira, ga abin gyara nan ƙuru-ƙuru. Akwai kuma manhajar OpenCap ta Jami'ar Stanford, iPhone biyu da intanet take so, masu bincike ba sa biya.

Kuma don Allah kar wani ɗan kasuwa ya ce maka na'urarsa za ta faɗi wanda jijiyarsa za ta tsinke, motsi kawai take aunawa, tsohon rauni da gajiya da filin da ake wasa duk suna cikin abin da ke jawo rauni. Ragowar kuɗin gara ka biya likitan gashin ƙashi ya duba bidiyon, yaran kuma su riƙa ɗumin jiki na FIFA 11+, tsarin atisayen rage rauni, sau biyu a mako ko fiye.