Golden OPEN a zanen dusar ƙanƙara, ga yadda na same shi

Masu tambayata ko fentin Golden OPEN, wani nau'in akirilik (fentin zane da ake sirkawa da ruwa), ya dace da zanen ƙasashen sanyi, irin tsibiran Lofoten na Nowe ko dazuzzukan arewacin Kanada, amsa a taƙaice eh ya dace, amma fa ba shi kaɗai ba.

Duk wanda ya taɓa aiki da akirilik na yau da kullum ya san halinsa, kana shafawa yana bushewa, kafin ka wanke burushi ka dawo har ya kama. To sararin samaniyar hunturu a can arewa ba kala ɗaya ba ne, rana tana ƙasa ƙasa kusa da bakin tsauni, sai ka ga ruwan hoda mai haske daga ƙasa yana narkewa cikin ruwan ɗorawa kaɗan sannan ya shige shuɗi can sama, kuma ba a so a ga layin da wata kala ta ƙare wata ta fara. Nan ne OPEN ya burge ni wallahi. Kamfanin Golden na Amurka ne ya fito da shi a 2008, an haɗa shi ne takanas don ya jima bai bushe ba, sai ka zauna da busasshen burushi mai laushi kana ta goge tsakanin kalolin a hankali ba mai korar ka. A kan farantin haɗa kala ma yana daɗewa a jiƙe, ba asarar fenti.

Wajen inuwar dusa shi ma ya yi. Mutane da yawa suna ɗauka dusar ƙanƙara fara ce fat shi kenan, sai su lafta Titanium White ko'ina zanen ya fito kamar bangon da aka yi wa farar ƙasa. Inuwar da ke kan dusa shuɗiya ce, don hasken sararin sama ne ke sauka a wurin, ba na rana ba. Ni shuɗin Ultramarine Blue nake haɗawa da ɗan Burnt Sienna (ruwan ƙasa mai ja-ja) su kashe juna su ba da toka-toka mai sanyi, sannan in ƙara fari. Phthalo Blue kuwa a yi hattara da shi, ɗigo ɗaya ya isa ya cinye farin gaba ɗaya ya ja shi wajen kore, sai dai in ruwan teku ko tsohuwar ƙanƙara kake nema, nan kam ba kamarsa. In hazo ne a gindin tsauni farin Zinc White ya fi, shi ba ya rufe abin da ke ƙasansa.

Inda bai dace ba shi ne tudun dusa mai kauri, irin wanda ake ɗorawa da wuƙar fenti a kan rassan bishiya. Su kansu masu shi sun ce siriri ake shafa shi, in ka tara shi da kauri zai daɗe ƙwarai yana danƙo. Don haka shimfiɗar farko da duwatsu da wancan farin mai kauri na ƙarshe duk da akirilik mai saurin bushewa nake yi, OPEN na bar wa sama da inuwa da ruwa. Suna haɗuwa da juna lafiya lau.

Kuma dai akirilik ne, yana ɗan ƙara duhu in ya bushe, saboda haka inuwar dusa ka yi ta da ɗan haske fiye da yadda idonka ke so. Abin dariya ma, fentin nan ba ya son sanyi, ƙasa da wajen digiri 10 a ma'aunin Celsius ba ya bushewa da kyau, wanda ke son ya tsaya cikin dusar ya zana ta sai ya nemi wata dabara.

Mai farawa kar ya kwashi kala goma sha, fari biyun nan da shuɗi biyu da Burnt Sienna da ja ɗaya da ɗorawa ɗaya sun ishe shi.