WD-40 ko farin giris: wanne ya dace da ƙofar mota mai ƙara da maƙalewa?

Wa alaikumus salam, Malam. Tsakanin biyun da ka ambata, farin giris na feshi za ka saya, wanda aka rubuta White Lithium Grease a jikin gwangwaninsa. Shi ne maganin kukan hinji da taurin makulli. WD-40 ɗan share fage ne kawai.

Ga dalili. WD-40 ruwa-ruwa ne, kuma mafi yawan abin da ke cikinsa sinadarin narkar da datti ne da ke bin iska. Tun 1953 da aka ƙirƙiro shi a Amurka, don korar danshi da hana tsatsa aka yi shi, harufan W da D ɗin ma abin da suke nufi ke nan. Idan ka fesa, kukan zai ɗauke nan take, ka ce an gama. Bayan sati biyu ko uku sai ya dawo, wani lokaci har ya fi na da, domin ya wanke ɗan ragowar giris ɗin da kamfani ya sa, shi kuma ya bushe ya bar ƙarfe na cin ƙarfe. Yana wanki, yana kwance tsatsa, iyakarsa ke nan.

Farin giris kuwa yana fitowa da ruwa-ruwa, ya kutsa tsakanin fil ɗin hinji da bushin ɗinsa, sannan ya yi kauri ya zauna. Ruwan damina ba ya tafiya da shi da wuri, zafin Maris da Afrilu ba ya sa shi tsiyaya a jikin fenti. Kuma da yake fari ne, kana ganin inda ya shiga da inda bai shiga ba, ranar da ya koma ruwan ƙasa ka san lokacin sabuntawa ya yi. Gwangwanin da ke but ɗina ya zagaye ƙofofi huɗu da bonet da but sau uku, har yanzu da saura, ƙofar direba kuma da yatsa biyu nake rufe ta.

Amma kada ka fesa shi a kan datti. Abin da ke maƙale ƙofofinmu a Kaduna ba rashin mai kaɗai ba ne. Ƙurar hunturu ce, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, take haɗuwa da tsohon giris ta zama kamar laka mai tsakuwa, damina ta zo ta ƙara tsatsa. Sabon giris a kan wannan, ka ƙara wa lakar ƙarfi ne. Nan ne ƙaramin gwangwanin WD-40 yake da amfani.

Buɗe ƙofar gaba ɗaya. Wurare biyar za ka taɓa: hinji biyu, na sama da na ƙasa, ƙarfen nan na tsakiyarsu da ke riƙe ƙofa kada iska ta kwashe ta, bakin makullin da ke gefen ƙofa, da ƙarfe mai lanƙwasa da ke jikin ginshiƙin mota, wanda makullin ke cafka. Sa siririn bututun, ka fesa WD-40 a hinji da cikin bakin makulli, ka bar shi minti biyar, ka goge da tsohon buroshin haƙori da tsumma har baƙin ruwan ya daina fita. Ba shi minti goma ya sha iska. Sai farin giris, feshin daƙiƙa ɗaya zuwa biyu a kowane wuri, kada ya wuce haka. Buɗe ka rufe kamar sau goma sha biyar, ka share duk wanda ya ɓullo waje, domin na waje ƙura kawai yake tarawa. Ƙarfen ginshiƙin ma shafa ɗan kaɗan ya isa, in ba haka ba babbar rigarka ce za ta kwashe shi ranar Juma'a.

Makullin yana da gwajinsa. Ɗauki sukudireba ka tura ƙugiyar da ke cikin bakin, kamar dai ƙofar ce ke rufuwa. Za ka ji ƙas sau biyu, na farko rabin rufi, na biyu cikakke. Ja hannun ƙofa, ƙugiyar ta saki. Idan tana jan jiki, maimaita wankin. Don Allah ka tabbata ka sake ta kafin ka tura ƙofar. Buga ƙofa da rufaffiyar ƙugiya yana lanƙwasa ta ko ya fasa robar da ke lulluɓe da ita, daga nan sai sabon makulli. Kuma kada ka yi ambaliyar feshi can ciki, akwai ɗan injin lantarkin santiral lok a wurin.

Akwai inda WD-40 da farin giris duk ba su dace ba. Robar da ta zagaye ƙofa da hanyar gilashi, feshin silikon suke so, mai na fetur yana kumbura su. Ramin ɗan makulli kuma garin girafayit ake sa masa, in babu ka goga bakin fensir a jikin ɗan makullin ka zura sau da yawa. Baƙin mai da wasu yaran gareji ke ɗigawa yana aiki kwana biyu, ya tara ƙasa. Man birki kuwa kada ka yarda kowa ya kusantar da shi, yana cin fenti, yana jawo danshi.

Kafin ka kashe kuɗi, buɗe ƙofar rabi, kama gindinta ka ɗaga sama. Idan ta yi wasa, ko ka ga alamar gogewa a jikin ƙarfen ginshiƙin, ƙofar ce ta sauka, fil da bushin sun cinye. Babu giris ɗin da zai ɗaga ta, sai mai gyaran bodi ya canza su ya daidaita. Idan kuma ƙofar baya ce ke buɗuwa ta waje ta ƙi ta ciki, duba ɗan maɓallin kariyar yara da ke gefenta tukuna.

Sai ka yi hattara wajen saye, jabu ya yi yawa. Wani zai miƙo maka feshin wanke kafireto ya ce duk aikinsu ɗaya. Ba ɗaya ba ne, wannan yana dusar da fenti, yana busar da roba. Karanta rubutun da kanka, girgiza ka ji nauyi, duba akwai bututunsa, bakin gwangwanin ba tsatsa. In mai shagon ya yarda, fesa kaɗan a kan kwali: na gaske zai bar farin shafi mai danƙo, jabu zai jiƙa kwalin da warin kalanzir ya ɓace. Wanda ya hana ka dubawa, wuce shago na gaba.

Sau biyu a shekara ya isa: Maris bayan ƙura ta kwanta, da ƙarshen Oktoba idan ruwa ya ɗauke. In kuɗin gwangwani ɗaya ne a hannunka, ɗauki farin giris, ka yi wankin da ɗan kalanzir a buroshi, ka kiyaye kada ya taɓa roba.