Akwatin sifika mai inci 15: bas ya cika, murya ta ɓace

Akwatin nan mai babbar sifika inci 15 da hon ɗaya a sama, wato ƙaramar sifikar da ke fitar da siririn sauti, wanda ake lulluɓewa da baƙin kafet, kowa ya san shi kuma kowa ya san kuɗinsa yanzu. Biyu na saya don aikin makirufo, wato ɗaurin aure da walima da karatu. A shago kiɗa aka saka masa, bas yana dukan ƙirji, sai mutum ya ɗauka ya dace. Ranar da aka kafa shi a filin walima malam ya karɓi makirufo, ranar asirinsa ya tonu. Ƙara kam akwai, har ta yi yawa, amma daga sahu na shida zuwa baya da duk wanda ke gefe ba a rarrabe kalma. Muryar tana fitowa kamar ta wanda ya tura kai cikin randa yana magana. Aka ƙara bolum, sai makirufo ya fara kuka. Aka canza makirufo, aka canza mikisa, shiru kake ji. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin don magana aka sayi kayan.

Maganar ɗan Adam a tsakiyar sauti take zaune. Layin tarho na da daga 300 zuwa 3,400 Hz, wato yawan kaɗawar sauti a daƙiƙa, kawai yake ɗauka, kuma ana gane magana sarai. Baƙaƙen da ke sa a rarrabe kalmomi galibinsu suna tsakanin 2,000 da 4,000. Akwatin da ya lalata wannan yankin ba shi da amfani ga mai wa'azi ko mai sanarwa, komai nauyin bas ɗinsa.

Da na kwance sifikar na leƙa ciki, katako ne zalla, ko ɗan yankin auduga babu. Na auna cikin: zurfi santimita 35, faɗi 42, tsayi 65. Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa, kuma tsakanin bango biyu masu fuskantar juna yakan tsaya yana kai da komo a Hz ɗin da ake samu in aka raba 343 da ninkin tazarar a mita. Zurfin ya ba da 490 Hz, faɗin 408, tsayin 264. Duka ukun sun faɗa daidai inda kaurin muryar namiji yake. Takardar sifika, wato fuskarta da ke motsi, ba ta da kauri, abin da ta tura ta baya sai ya bugi bango ya dawo ya ratsa ta ya fito a makare, ya hau kan sabuwar kalma. Sautin randar ke nan. Mai son tabbatarwa ya saka manhajar fitar da sauti a waya, ya ja a hankali daga 200 zuwa 600, zai ji inda akwatin ya kumbura.

Katakon kuma milimita 12 ne, ba ƙarfafawa ko ɗaya a ciki. Ƙwanƙwasa gefen da yatsa, ganga za ka ji. Ɗora tafin hannu ana magana, za ka ji bangon yana rawa, wato shi ma ya zama sifika yana rera nasa. Taurin allo yana ƙaruwa da kaurinsa sau kaurinsa sau kaurinsa, don haka milimita 18 ya fi 12 tauri sama da sau uku. Wannan ba ɓoyayyen ilimi ba ne ga mai haɗa akwatuna.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne kurosoba, na'urar da ke raba wa kowace sifika rabonta. Babu ita. Kafasita ɗaya tal mai 3.3 µF, 'yar na'urar da ke tare sauti mai kauri, aka liƙa a wayar hon, babbar sifikar kuma aka haɗa ta kai tsaye. A kan om 8, wato ma'aunin turjiyar sifika ga lantarki, wannan kafasita ba ta sakin hon sosai sai wajen 6,000 Hz. Ita kuwa mai inci 15, faɗin takardar da ke motsi kamar santimita 33 ne, da ta wuce 1,000 Hz sai sautinta ya tsuke ya miƙe gaba kamar hasken tocila, kafin 2,000 takardar ta fara karkarwa ba bisa ƙa'ida ba. Daga nan zuwa 6,000 rami ne, kuma cikin ramin baƙaƙen magana suka faɗa. Shi ya sa na gaban akwatin ya ɗan ji, na gefe bai tsinci komai ba.

Gyaran da aka yi: kafinta ya sa sanda biyu ta katako mai santimita 5 da 5, ɗaya gefe zuwa gefe, ɗaya gaba zuwa baya, da gam da sukurori, ba ƙusa ba. An manna audugar matashi ta roba mai kaurin santimita 5 a bangon baya da gefe ɗaya da sama, aka bar bakin ramin bas a buɗe, domin in aka toshe shi bas ya mutu. Aka haɗa kurosoba a 2,000 Hz: koyil 0.9 mH da kafasita 6.8 µF a kowane ɓangare, aka juya wayoyin hon saboda irin wannan haɗin yana juya sautinsa ya saɓa da na babbar sifika. Hon ya fi babbar sifika ƙarfi nesa ba kusa ba, sai aka rage shi da rezisto om 4.7 a jere da om 5.6 a gicciye, masu wat 20. Waɗannan lambobin mafari ne, om 8 na sifika ba ya tsayawa wuri guda, kunne ne ke ƙarasa aikin.

Gaskiya bayan haka na ji daɗinsa. Magana ta fito tas har ƙarshen fili ba tare da an tura bolum ba, kukan makirufo ya ragu. Sifikokin kansu ba laifi, maganaɗisun babbar yana da nauyi, hon ɗin ma na gaske ne mai koyil, ba irin na roba mai tsiwa ba. Har na fara cewa kuɗina bai tafi a banza ba.

Sai da na lissafa katako da auduga da koyil huɗu da ladan kafinta, na ga da an haɗa tun farko da na sayi wanda ya fi shi. Ramin mariƙin hannu ma yana fitar da iska, sai da aka bi shi da silikon. Da na gwada akwati na biyu da batir mai bolt 1.5, takardarsa baya ta ja, ta farkon kuwa gaba ta turo. An haɗa wayoyinsa a juye tun daga inda aka ƙera shi, ashe ranar walimar akwatunan biyu suna cinye sautin juna a tsakiyar fili.