Gargaɗi: Ana damfarar mutane da faifan Syd Barrett mai sa hannun jabu

Assalamu alaikum jama'a. Wannan gargaɗi ne ga masu tara tsofaffin fayafayan waƙoƙin Turawa, musamman mu da ke zaune a Ingila da masu yin oda daga nan. Akwai wani mutum da ke yawo a shafukan saye da sayarwa yana tallar faifan An Introduction to Syd Barrett, yana cewa mawaƙin, wato Syd Barrett na ƙungiyar mawaƙa ta Pink Floyd, shi ne da kansa ya sa hannu a jikin kwalin. Ƙarya ce tsagwaronta. Ni ya ci mini fam 180, kuma ba na so wani ya sake faɗawa.

Abin da ya kamata kowa ya riƙe shi ne shekaru biyu: 2006 da 2010. Syd Barrett ya rasu ranar 7 ga Yuli 2006 a Cambridge, garin da aka haife shi a 1946. Shi kuwa wannan faifan sai a 2010 ya fito, David Gilmour, mai kaɗa jita a Pink Floyd, shi ne ya jagoranci haɗa shi, aka tattaro waƙoƙin da Barrett ya yi da Pink Floyd da waɗanda ya yi shi kaɗai a wuri guda. Ya yi shekara huɗu da rasuwa kafin a buga kwalin. To wane hannu ne ya rubuta sunansa a kai?

Na san wannan tarihin sarai, amma mutumin ya iya baki. Ya ce kayan daga gidan Barrett suka fito, wai ya saye su a gwanjon da aka yi bayan rasuwarsa. Nan ne dabarar take, domin da gaske an yi gwanjon kayan gidansa a Cambridge a ƙarshen 2006. Sai ya ɗauki gaskiya guda ya lulluɓe ƙaryarsa da ita. Ya turo hotuna masu kyau, ya turo wata takarda mai tambari wai shaidar sahihanci, sannan ya ce akwai mutum biyu da ke jira, in ban biya kafin dare ba ya ba wani. Gaggawar nan ce ta hana ni tsayawa in lissafa shekarun. Ya kuma ƙi karɓar kuɗi ta hanyar da ke kare mai saye, ya ce in tura kai tsaye asusun banki don a guje wa kuɗin caji.

Bayan kwana tara kaya suka iso. Faifan CD ne da aka kwafa a kwamfuta, bayansa yana sheƙin shuɗi, rubutun kwalin ya dusashe kamar an buga shi a shagon hoto. Sa hannun da alƙalamin maka aka yi shi, tawadar ko bushewa sosai ba ta yi ba. Da na yi masa magana sai ya toshe ni. Bayan mako biyu na ga hotunan nan dai, da wani suna daban.

Abin ya fi yi mini zafi saboda ko wane ne Barrett. Mutum ne da ya jagoranci Pink Floyd har suka fitar da faifansu na farko a 1967, rashin lafiyar ƙwaƙwalwa ta raba shi da su a 1968, ya yi fayafai biyu shi kaɗai a 1970, daga baya ya koma garinsu ya rufe ƙofa. Ya koma amfani da sunansa na yanka, Roger, ya riƙa zane da aikin lambu, ba ya son a tuna masa da zamanin waƙa. Mutumin da ya yi shekara wajen talatin yana gudun masu neman sa hannunsa, yau wani na cin kasuwa da sunansa.

Don haka ko a kan akwatin fayafayansa mai suna Crazy Diamond na 1993 aka nuna muku sa hannu, wanda ya fito yana raye, ku yi taka tsantsan ƙwarai. Kuma mutumin yana da wata haja: faifan da yake cewa waƙoƙi ne da ba a taɓa fitarwa ba, yana ambaton Vegetable Man. Wannan waƙar ta fito a hukumance tun 2016 cikin babban akwatin Pink Floyd na shekarunsu na farko.

Duk wanda ya ga tallar, ya fara duba shekarar da aka buga a bayan kwali. Ya nemi hoton bayan faifan kansa, a riƙe da takarda mai kwanan watan ranar. Takardar shaidar da mai sayarwa ya rubuta wa kansa ba shaida ba ce. Wanda kuma ya riga ya biya, ya kira bankinsa yau ɗin nan, ya adana saƙonnin da hotunan, ya kai ƙarar shafin. Ni na kai tawa, na kuma ajiye faifan da ambulan ɗin da ya zo a ciki, ko za a buƙace su.