Kwas ɗin Koyon Gumin Shinkafa: Ya Cancanci Kuɗinsa?

Gajerun kwasa-kwasan sarrafa shinkafa sun yawaita a Kano, Kebbi da Jigawa. Hukuncinmu a kansu: suna da amfani, muddin za a sa mai koyo ya kama tukunya da hannunsa. Wanda a aji kawai ake yinsa, asarar kuɗi ne.

Kwas mai kyau daga wanki yake farawa. A zuba shanshera a ruwa, a kwashe ƙaiƙayi da ƙwayoyin da ba su nuna ba, waɗanda ke tasowa sama, domin su ne ke zama baƙaƙe bayan gumi. Sai jiƙo a ruwan zafi, digiri 60 zuwa 70, a bar ta ta kwana. Jiƙon ruwan sanyi na kwana biyu ko uku shi ne ke jawo warin nan da masu saye ke gudu.

Wajen turare ake gane malamin da ya san aikinsa. Dole tukunya ta kasance da faranti mai huda-huda a ciki, shinkafa a sama, ruwa a ƙasa, tururi kaɗai ke taɓa ta. Da ɓawon ya fara tsagewa a sauke. Idan ta zauna cikin ruwa, ta ƙasa za ta dahu ta yi duhu, ta sama ba ta ji wuta ba, buhu ɗaya ya fito kala biyu. Shanya kuma a kan tamfol, ba a gefen titi ba, in ba haka ba tsakuwa ce ribarka. A fara da rana, a ƙarasa a inuwa, har danshi ya sauka zuwa kashi 14 cikin ɗari. Rana mai zafi daga farko har ƙarshe tana tsattsaga ƙwayar, injin casa ya farfasa ta. Kilo 100 na shanshera mai kyau kan ba da kusan kilo 60 zuwa 65 na shinkafa bayan casa.

Inda yawancin kwasa-kwasan suka gaza shi ne lissafi: kuɗin itace, ruwa, casa da dako, da rajistar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ga mai son sa sunansa a buhu.

Batun aiki fa? Kada a ruɗe ka da satifiket. Manyan masana'antu irin su WACOT a Argungu ko Labana a Birnin Kebbi sun fi neman masu difloma ko ƙwarewar injina a ɓangaren tantance inganci da kula da tukunyar tururi. Mai gajeren kwas ya fi samun shiga a ƙananan injinan casa irin na garin Kura a jihar Kano, ko ya yi gumin kansa ya sayar. Aikin ma na kaka ne, idan shanshera ta yi tsada ayyuka sukan ragu.

Kafin ka biya, ka nemi a nuna maka tukunyar, ma'aunin danshi da injin cire tsakuwa, ka tambayi mutum nawa ne a kan tukunya ɗaya.